Shekarar Manyan Riguna

Ni ne telan da ya rage rigunan.
In ka ga hoton a bangon shagon Nomau
kada ka yi dariya tukuna,
ba ka ji labarin ba.

Dila guda Alhaji Barmo ya yanka
ranar Litinin, a layin ƴan gwanjo,
riguna ashirin da uku suka zubo,
shunayya da ruwan toka,
lamba ƙatuwa gaba da baya,
kafaɗa kamar raƙumi aka auna,
wuya kuwa kai biyu sa shiga
su gaisa, ba su gogi juna ba.

Mushe Kanta, da ya yi zaman Amirka,
ya ɗaga guda, ya karanta ƙirjinta.
Ya ce, “Ta masu ƙwallon ƙwai ce,
masu hular ƙarfe da karo irin na raguna.
Na san ƙungiyar. Shekarar da nake can
wasa goma sha shida suka buga,
biyu suka ci, sauran ƙasa suka sha.”
Muka ce, “Haba Mushe, riga ba ta gadon tsiya.”
Ashe mu ne ba mu sani ba.

Kwana tara ina kan keke,
ina tsuke hammata, ina datse gindi.
Abin da na yanke a rigar Labo kaɗai
ya isa wandon ɗan yaye.
Zare ya ƙare, ido ya yi ja,
jika shidan ɗinki har yau ban gani ba.

Tasawa ta fara zuwa,
ta zuba mana uku kafin la'asar ta yi sanyi.
Muka ce iska ce.
A Madarunfa aka yi mana huɗu,
muka ce laimar tabki ce.
A Tibiri mai busa muka tsine wa,
a Gidan Rumji furar safe muka zarga.
Ranar Dakwaro
dalili ya ƙare mana tun a hanya,
muka dawo bisa buhunan wake a kamiyo,
kowa kai a gwiwa,
ko tari ba a yi ba.

Jadi mai tsaron gida
saba'in da huɗu ke bayansa.
Ƴan fada suka ce lissafi ne,
adadin da zai sha aka rubuta masa tun daga ƙetare.
Kaka ta ƙare yana da sittin da takwas.
Ya ce, “Kun gani? Ban cika ba.”

Mai kalangu ya fara ɗauke ƙafa,
sai mai lamurje, sai yaran da ke hawa katanga.
Inna Tabawa ce ta rage, uwar Labo,
da tiren gyaɗarta bisa cinya,
tana guɗa duk sa'ad da ƙwallo ta shiga raga
don ba ta san wace raga ce tamu ba.

Nasara guda muka samu, ta takarda:
motar Mayahi ta mutu a daji,
muka tsaya a fili cikin riguna har magariba,
aka rubuta mana uku.
Alhaji ya yanka ɗan akuya a Bagalam,
muka ci, ba mai kallon ɗan'uwansa,
kuma romon bai yi saura ba.

Yau Labo siminti yake saidawa a Ɗan Isa,
Jadi na kabu-kabu, gwiwa ta hana shi durƙuso.
Wani lokaci ina taka keke
sai in tuna waɗancan ƙattin na bayan teku,
masu ainihin kafaɗun:
ko su ma suna da wata Inna Tabawa?
Ko an ba su romo?

Bara na sauka gulbi sayen zogale,
na hango wani tsoho yana ban ruwa,
saba'in da huɗu a bayansa, ta koɗe, ta zama toka.
Na matsa, na yi sallama,
na ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga yana mamaki.
Na duba hammatar.
Shekara goma sha tara,
ɗinkina bai kwance ba.